Mafi Mushkila a Riyad

Tun da na komo daga Riyad, babu ranar da zan zauna a majalisarmu ta bayan La'asar ba a tambaye ni yadda tafiyar ta kasance ba. Na amsa wa mutane da dama, kowa ya tafi da abin da kunnensa ya zaɓa, har labarin ya dawo mini a wata kama da ban san ta ba, wai kwamfutata ta kama da wuta a cikin jirgin sama. Ba ta kama da wuta ba. Saboda haka na ga ya dace in rubuta abin da ya faru daki-daki, sau ɗaya tak, domin duk wanda ya sake tambaya a miƙa masa takarda.

Wajibi ne in fara da abin da na ɗauka zuwa can. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da na ajiye aikin hedimasta, ina tattara tsofaffin kalmomin sana'o'in ƙasarmu, na marina da maƙera da majema da masaƙa, waɗanda ke bin masu su zuwa kabari. Na bi ƙauyukan Zazzau da rakoda ina ɗaukar muryoyin tsofaffi. Yawancinsu yau ba su da rai. A cikinsu akwai muryar mai ɗakina, marigayiya Hajiya Asabe, tana bayanin aikin auduga tun daga gurza da shiɓa har zuwa kaɗi, da abin da ya raba zaren abawa mai kauri da na arafiya siriri. An juye mini kaset ɗin duka a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, kaset ɗin kuma damina biyu ta gama da su a cikin akwati. Muryoyin nan da rubutun littafin gaba ɗaya, babu inda suke a duniya sai cikin faifan ajiya guda ɗaya da ke cikin wannan kwamfuta.

'Yata Hajara, wadda ke zaune a Riyad tare da mijinta Sulaimanu, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, ta sha roƙona a waya in kwafe aikin a wani wuri. Na ƙi, kuma ina da dalili. A makarantar mishan da na yi, kowane yaro yana da littafi biyu, na gwaji da na tsabta. Ba a kwafe komai a littafin tsabta sai malami ya bi na gwaji da jan alƙalami ya sa hannu. Baturen da ya koya mana ya ce wanda ya kwafe aiki mai kuskure ya mayar da kuskurensa biyu. A kan wannan na girma, a kansa na koyar shekara talatin da biyar. Littafina bai gama gyaruwa ba, don haka ban ga abin kwafewa ba.

Kimanin wata takwas kafin tafiyar, kwamfutar ta soma wata ɗabi'a. Ina cikin rubutu sai ta tsaya cak, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta fito da ɗan saƙo da Turanci cewa ta kasa karanta wani wuri a cikin faifai. In an danna, saƙon ya tafi, aiki ya ci gaba. Duk wanda na nuna wa sai ya ce in danna kawai in wuce. Ni ba na wuce kuskure ban rubuta shi ba. Na ware ƙaramin littafi mai bango baƙi, kowane lokaci abin ya faru in rubuta rana da sa'a da abin da nake yi da ainihin kalmomin saƙon, da jan biro.

Da Hajara ta aiko mini da takardar ziyara domin a duba idona, na sa littafin nan a aljihun gaba, na rungumi kwamfuta, na shiga mota daga Zariya zuwa Kano. Direban ya so ya jefa jakar kwamfutar a but ɗin mota a ƙarƙashin buhun doya. Na ce masa ni da jakar kujera ɗaya muka biya, kuma tare za mu zauna. Kowane rami muka faɗa tsakanin Tashar Yari da Kwanar Ɗangora sai in ɗaga ta sama da hannu biyu, har wata mata da ke gefena ta tambaye ni ko ƙwai ne a ciki.

A filin jirgin Kano aka ce in kunna ta a gani. Ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta farka, layi ya taru a bayana. Jami'in ya leƙa fuskarta ya leƙa tawa.

"Baba, wannan ba ta girme ni ba kuwa?"

"Ba ta girme ka ba," na ce, "amma ta fi ka haƙuri da tsofaffi."

Ya yi dariya ya sallame ni. Muka yada zango a Alƙahira, inda na zauna sa'a biyar a kan kujerar ƙarfe ina kallon mutane suna gudu ba a kore su ba, sa'an nan muka ƙarasa Riyad da hantsi.

A wurin shiga ƙasa na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa. Alli na shekaru ya shafe zanen. Saurayin jami'in ya gwada yatsa bayan yatsa, ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce, "Mu'allim?" Na ce masa haka ne, malami. Ya dafa ƙirjinsa, ya kawo wani mai ya shafa mini, na'urar ta karɓa. Wannan ƙaramin abu ya sa mini wani tunani da ya kamata in yi hattara da shi. Na lura kalmomi da yawa da ke fita bakinsu namu ne: sa'a, daraja, hukuma, wajibi, haraka. Kafin mu isa gida na yanke wa kaina hukuncin cewa Bahaushe mai ilimi, in ya kasa kunne sosai, ba ya bukatar tafinta a ƙasar Larabawa.

Gidan su Hajara yana unguwar Nasiriyya, a hawa na biyu na wani bene. Ba zaure, ba dakali, tagogi ƙanana masu duhun gilashi. Kwana uku na yi ban ga fuskar maƙwabci ba, sai dai ƙarar ƙofar mota. A gida, mutum ya kwana uku ba a gan shi ba, a ranar ta huɗu an zo gaishe shi da jiki. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ta hutawa, har na riƙa sa rigar sanyi a cikin ɗaki alhali a waje kwalta tana neman narkewa. Hajara, wadda ta yi shekaru tana tuƙa kanta zuwa aiki a Kaduna, a can sai ta jira mijinta ya kai ta ko'ina, domin lokacin mata ba sa tuƙi. Abin da ya burge ni shi ne sallah. Da an kira, sai ka ji ƙofofin shaguna suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ciniki ya tsaya ko da mai saye yana riƙe da kaya.

Wani abokin aikin Sulaimanu, Balarabe ɗan ƙasar, ya gayyace mu cin abinci. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ajiye faranti ɗaya babba na kabsa, wato shinkafa mai kayan ƙamshi da naman rago a bisa, kowa ya sa hannu a gabansa kamar yadda muke yi da tuwo. Wannan bai ba ni wahala ba. Gahawa ce ta ba ni. Ana zuba ta a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci gare ta, ana haɗa ta da dabino. Na shanye na miƙa kofin da nufin na gode, aka sake cikawa. An koya mini cewa ba a barin abin da mai gida ya zuba, don haka na shanye. Sai a kofi na bakwai Sulaimanu ya miƙa nasa yana ɗan girgiza shi a hankali, yana kallon wani wuri dabam, na ga an karɓe ba a ƙara ba. Haka yake koya mini abu. Surukina ne, kunya ba ta barinsa ya gyara mini magana ko ya dube ni ido cikin ido, kuma ina yaba masa a kan haka.

A rana ta shida, kafin Azahar, saƙon nan ya fito sau uku. Sa'an nan na ji wani sabon abu, ɗan sauti daga cikin kwamfutar, ƙas, ƙas, kamar agogon bango da ya gaji. Na buɗe baƙin littafina na duba daga farko. Shafin farko ya ɗauki wata uku. Shafi na ƙarshe mako ɗaya ya cika shi. Na ce wa Sulaimanu ya kai ni wurin masu gyara.

Shagon farko babba ne, mai haske da gilasai. Mai gyaran ɗan ƙasar Indiya ne, mai fara'a. Ya kunna kwamfutar, ya yi wani ɗan gwaji da bai kai minti biyu ba, ya juyo da fuskarta wajena ya nuna mini wata koriyar alama. Na miƙa masa littafina, bai karɓa ba. Ya rufe kwamfutar ya tura mini, yana murmushi yana kaɗa kai.

"Mafi mushkila, Baba. Mafi mushkila."

Mushkila na san ta, matsala ce mai wuyar warwarewa. Mafi kuwa kalma ce da na koyar da yara ita shekara da shekaru: mafi girma, mafi tsawo, mafi muni. Mutumin nan yana gaya mini cewa matsalar da ta fi kowace matsala ce ta sami faifaina, ya mayar mini da kayana domin ya fi ƙarfinsa, kuma yana murmushi a kai. Na ga rashin tausayinsa ƙwarai.

Sulaimanu ya matso, kansa a sunkuye. "Baba, ai cewa ya yi..."

Na ɗaga masa hannu. "Na ji abin da ya ce. Kalma biyu ne, kuma na san su tun kafin a haife ka. Akwai wanda ya fi wannan sanin aiki a garin nan, ko babu?"

"Akwai wani mutumin Kazaure a Jaradiyya, Baba."

"To, can za mu, yanzu."

"To, Baba."

Jaradiyya tsohuwar unguwa ce, lunguna matsattsu, gidaje sun kwana biyu. Shagon Malam Haruna bai fi ɗakin ajiye hatsi ba, cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Mutum ne mai furfura a gemu, ya shekara ashirin a can da igama, wato takardar izinin zama, shagon kuma da sunan kafilinsa yake, wato wani ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kamar yadda dokarsu ta tanada. Hausarsa ta sha Larabci, amma gaisuwarsa ta gida ce, sai da ya tambayi Zariya da damina da hanya kafin ya taɓa jakata.

Na ce masa, "An riga an duba ta a wani shago, an ce mini mafi mushkila. Don haka ba na son a ɓoye mini komai."

Malam Haruna ya dubi Sulaimanu. Sulaimanu ya dubi takalminsa. Malam Haruna ya yi ɗan tari ya shafa gemu.

"Haka aka ce? To, bari mu gani, Baba Malam."

Shi ya karɓi littafina, ya sa tabarau, ya karanta shi shafi-shafi. Da ya gama ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, mutane suna zuwa su ce masa ta lalace kawai, ba wanda ya taɓa kawo masa rajista. Sa'an nan ya buɗe wani wuri a cikin kwamfutar da ban san da shi ba, ya ce ita ma tana da nata baƙin littafin, inda take rubuta duk kuskuren da ya same ta. Muka jera biyun. Sun yi daidai rana da rana, sa'a da sa'a, sai guda biyu da ke nata babu a nawa. Na bincika, na ga duka biyun ranar Juma'a ne, ina masallaci na bar ta a kunne. Duk da haka abin ya ɓata mini rai.

Na tambaye shi kai tsaye ko wannan saƙo yana nufin faifan zai mutu.

"Ba kowane ba," ya ce. "In sau ɗaya ne ya wuce, wataƙila an ɗauke wuta ne tana cikin aiki, ko wata waya ta yi sako-sako a ciki. Wannan ba ya tayar mini da hankali. Abin dubawa shi ne, yana dawowa? Tazarar tana raguwa? Naka daga wata ya koma mako, daga mako ya koma wuni. Kuma ga wannan." Ya nuna mini wata lamba. Ya ce faifai in ya sami wuri da ya lalace a jikinsa, yakan kewaye shi ya koma wani wuri na ajiya, yana ƙirga sau nawa ya yi haka. Muna zaune muna kallo lambar ta ƙaru da biyu. Ya kara kunnensa a jikin kwamfutar ya ji sautin nan.

"To, koriyar alamar da aka nuna mini a can fa?"

"Ba ƙarya ta yi ba. Ita ba ta yin ja sai abu ya ƙetare iyaka. Kai malami ne. Yaro ya ci tamanin a zangon farko, sittin a na biyu, hamsin da ɗaya a na uku. Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba. Amma zan aika a kira ubansa."

"To, yau mun kira uban."

Na ce ya gyara shi. Ya ce faifai ba a gyara shi, kwashe abin da ke ciki ake yi tun yana numfashi, kuma ba zai sa shi wani dogon bincike ba, domin wahalar binciken kanta tana iya ƙarasa shi. Ya ɗauko sabon faifai daga kanta. A nan na gaya masa cewa rubutun bai gama gyaruwa ba, akwai kura-kurai a babi na huɗu da na bakwai, kuma ba al'adata ba ce a kwafe aiki a haka. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Baba Malam, da kura-kuransa za mu ɗauke shi. In ya tsira, ka gyara shi shekara goma in ka so. In ya tafi, me za ka sa wa jan biro? Gaya mini kawai wanne zan fara fitarwa, domin ban san inda zai tsaya ba."

Ban taɓa jin an rushe dokar Baturen nan cikin jimla uku ba. Na ce a fara da muryoyi, a bi su bisa tsarin harufa kamar yadda na jera su, kada a tsallake kowa. Sai da sunan farko ya fito a fuskar kwamfutar na tuna cewa Asabe da harafin farko take farawa. Na gode wa Allah da ya sa tsari ya yi mini zaɓin da zan ji nauyin yi da bakina a gaban surukina.

Kwana biyu aka yi ana kwashewa. Wani wuri ya wuce da sauri, wani wuri faifan ya tsaya yana ƙas, ƙas, na minti ashirin kafin ya saki abu ɗaya. Na zauna a kan kujerar roba ina bin sunaye da biro, duk wanda ya haye in yi masa alama. In an kira sallah mu sauke ƙofa mu bar faifan biyu suna aiki. Da safe Malam Haruna yakan aika a kawo tamis, wani faffaɗan burodi mai zafi, da dafaffen wake da man zaitun, mu ci a kan kwali yana tambayata ko har yanzu ana rini a Zariya. Ya ce kakarsa makaɗiyar zare ce. Da muryar Hajiya ta haye, ya nemi izini ya kunna a kan sabon faifan don a tabbatar. Ta fito sarai, tana cewa a shafa alli a yatsa kafin a murza mazari. Muka saurara har ƙarshe.

A rana ta biyu bayan La'asar, muryoyi duka sun haye, babi goma sha biyu sun haye, sai faifan ya yi ƙara sau uku a jere ya yi shiru. Malam Haruna ya kashe ya kunna, ya cire ya mayar, kwamfutar ta ce ba ta ga faifai ba sam.

"Halas," ya ce. "Ya tafi."

Abin da ya tafi da shi shi ne gabatarwar littafin, wadda na sake rubutawa sau tara ban gamsu ba, da wasu hotunan marina. Na yi baƙin cikin hotunan. Amma da na fito daga shagon nan da sabon faifai a aljihu, ƙafafuna sun yi sauƙin da rabona da shi tun kafin rasuwar Hajiya.

Mako guda bayan haka, an duba idona an ba ni sabon tabarau, Hajara da Sulaimanu suka kai ni Dir'iyya, tsohon gari a bakin kwari a gefen Riyad. Ginin ƙasa ne irin namu, har da azara, ana ta gyara shi da manyan injuna. Muka zauna a wani wurin shan shayi. Sabon tabarau bai zauna mini ba tukuna, na kai hannu na ture kofi, shayi ya malale a kan teburi. Mai hidima ya zo da tsumma yana murmushi.

"Mafi mushkila, ya Hajji."

Na ajiye cokali. Na ce wa Hajara mutanen nan ba su san ma'aunin magana ba. In zubar da shayi shi ne mafi mushkila, me za su kira gobara?

Hajara ta dube ni, ta dubi mijinta, sa'an nan ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Baba, ma fi a bakinsu babu ke nan. Cewa ya yi babu matsala."

Na tuna koriyar alama, da murmushin mutumin Indiya, da tarin Malam Haruna.

"Sulaimanu, haka wancan ya ce a shagon farko?"

"Haka ya ce, Baba."

Lissafin ba shi da wuya. Da na fahimci mutumin nan daidai, da na gode masa na koma gida da kwanciyar hankali, na ci gaba da gyaran babi na huɗu, faifan kuma ya mutu a hannuna cikin kwana biyu ko uku da muryoyin mutum arba'in da ɗaya a cikinsa. Na fito da baƙin littafina, a ƙarƙashin kuskuren faifai na ƙarshe na rubuta rana da wuri da kalmomin biyu, da ma'anar da na ba su, da ma'anarsu ta gaskiya. Shi ne kuskure ɗaya a littafin da ba na kwamfuta ba.

Ga masu tambayata a majalisa ko saƙon kuskure yana nufin faifai zai mutu, amsar da na samo ita ce ta Malam Haruna: a duba ko yana dawowa, a duba ko tazarar tana raguwa, kuma kada a jira amsa kafin a kwafe. Littafina yanzu yana wuri uku, ɗaya a nan, ɗaya wurin Hajara, ɗaya wurin ƙanena a Kaduna, kuma kura-kuran babi na huɗu suna cikin duka ukun.

Ranar da zan taso, Sulaimanu ya ɗauko mini jaka har bakin inda ake tsayar da masu rakiya. Na daɗe ina shirya maganar, domin ban saba da irinta ba. Na ce masa, "Sulaimanu, ran nan a shago ka so ka yi magana na hana ka, kuma na faɗa maka abin da bai kamata ba a gaban baƙo. Kai ne kake da gaskiya. Ban kyauta ba."

Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya miƙo mini jakar da hannu biyu. Na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Mafi mushkila, Baba."

Wannan karon na fahimce shi.